Gilashin ido marar kauri: kafin ka biya kuɗin "amansi", dubi gidan da za a sa shi

Duk wanda ya taɓa kai takardar likitan ido shagon tabarau a Yamai ya san inda ciniki ke tsayawa. An zaɓi gidan tabarau, an dubi madubi, an yaba, sai mai shago ya ɗauki ordonas ya ce, "Hajiya, lambarki ta yi yawa, sai dai amansi." Kalmar daga Faransanci take, tana nufin gilashin da aka rage wa kauri. Daga nan kuɗi ke tashi, har gilashin ya fi gidan tsada nesa ba kusa ba. Ita kuwa mai saye, don gudun kada a ce ta ɗora gindin kwalba a fuska, sai ta ce a ba ta wanda ya fi kowanne rashin kauri. Wani lokaci shawarar daidai ce. Amma sau da yawa jikkunan da aka ƙara ba su sayi komai ba sai rabin milimita, alhali gidan da aka zaɓa da fari shi ne ya jawo kaurin.

Yawancin abin da muke kira gilashi a yau roba ce, ba gilashin kwalba ba. Kowace irin roba tana da lambar da ke nuna ƙarfinta wajen lanƙwasa haske, wadda masu shago ke ce wa andis. Roba ta yau da kullum, CR-39, lambarta 1,50. Sama da ita akwai Trivex mai 1,53, akwai 1,56 da ta cika kasuwa saboda araha, sai polikarbonat mai 1,59, wadda ake tallarta da sunan "ba ta fashewa", sannan 1,60 da 1,67 da 1,74. Idan roba ta fi ƙarfin lanƙwasa haske, ba sai an kwarfe ta sosai ba kafin ta ba da ƙarfin da likita ya rubuta. Shi ke nan sirrin. Ba ta ƙara gani, ba ta warkar da ido. Gilashin -6,00 na 1,50 da na 1,74 ƙarfinsu ɗaya.

Nawa ne ragin? Idan muka ɗauki kwarfin da 1,50 ke buƙata a matsayin ɗari, 1,60 na buƙatar 83, 1,67 na buƙatar 75, 1,74 kuwa 68. A lura da yadda tazarar ke tsukewa. Tsalle na farko ya kwashe 17, na biyu 8, na uku 7, amma kuɗi shi kullum hawa yake, kuma hawan ƙarshe ya fi zafi.

Ga lissafin da kowane mai yankan gilashi ya sani, kuma ba ya fin ƙarfin ɗan koleji. Gilashin mai alamar ragi, wato na wanda ba ya ganin nesa, tsakiyarsa ce marar kauri, gefensa ke kumbura. Ƙarin kaurin gefe a kan na tsakiya ana samunsa haka: a auna milimita nawa ne daga cibiyar gilashi zuwa gefe, a ninka lambar da kanta, a ninka da ƙarfin gilashi, sannan a raba da 2000 sau abin da andis ya ɗara 1 da shi. Ga 1,50 ke nan ana rabawa da 1000, ga 1,60 da 1200, ga 1,67 da 1340, ga 1,74 da 1480.

A gwada da mai -2,00, gefe yana milimita 25 daga cibiya. A 1,50 ƙarin kauri milimita 1,25 ne, a 1,67 kuwa 0,93. Bambancin bai kai kaurin farce ba, kuma bakin gida zai haɗiye shi. Wanda ya sayar wa mai -2,00 da 1,67 don kauri kawai, ya sayar masa da abin da ido ba zai gani ba. A -6,00 labari ya sake: 3,75 a 1,50, sai 3,1 a 1,60, sai 2,8 a 1,67, sai 2,5 a 1,74. Nan kam akwai abin magana.

To amma a koma ga farkon lissafin. Nisan gefe ana ninka shi da kansa ne, andis kuwa sau ɗaya yake shiga. Ma'ana, ƙaramin ƙari a faɗin gida yana yin ɓarnar da babban ƙari a andis ba ya iya gyarawa. Wannan ne abin da ba a cika faɗa a gaban kanta ba.

Ɗauki gidan tabarau, wanda ake ce wa montir, ka buɗe hannunsa ka dubi ciki. Za ka ga ƙananan lambobi kamar 52□18 140. Ta farko faɗin idon gida ɗaya ne a milimita, ta biyu faɗin gadar da ke kan hanci, ta uku tsawon hannun da ke zuwa kunne. Haɗa biyun farko: 52 da 18 sun ba da 70. Wannan shi ne nisa tsakanin tsakiyar idon gida na dama da na hagu. Kai ma kana da taka tazarar, tsakanin ƙwayar idonka ta dama da ta hagu, wadda a takarda ake rubuta ta EP, kuma a manya galibi tana tsakanin 58 da 70. A ce taka 62 ce. Dole cibiyar gilashi ta zauna daidai gaban ƙwayar ido, ba tsakiyar gida ba, don haka mai yanka zai matso da kowace cibiya milimita 4 wajen hanci. Gefen da ke wajen kunne ya zama yana nisan 26 da 4, wato 30. Da ƙarfin -6,00, ko an sa 1,74 mai tsada, ƙarin kaurin wannan gefe milimita 3,6 ne.

Yanzu ajiye shi ka ɗauki 46□18. Jimla 64, matsowa milimita 1 kawai, gefe mai nisa 24. Da 1,60, ƙarin kauri 2,9. Kaurin tsakiyar robobin biyu kusan ɗaya ne, tsakanin milimita 1 da 1,5. Ashe 1,60 a gidan da ya dace ya fi 1,74 a babban gida rashin kauri, da kusan kashi uku cikin huɗu na milimita, ga sauƙin kuɗi, ga rashin nauyi tun da an yanke robar da yawa an zubar. Manyan gidajen nan da ƴan mata ke yayi, masu rufe rabin kunci, ba su da laifi ga mai -1,00. Ga mai -6,00 kuwa, su ne gindin kwalbar da ake gudu.

Siffa ma tana da hannu. Abin da ke ƙirguwa shi ne wuri mafi nisa daga cibiya, kuma a gida mai kusurwa huɗu, ko irin na matuƙan jirgi mai zubowa ƙasa, wannan wuri yana can a lungu, ya fi rabin faɗin da aka rubuta. Gida mai zagaye ko mai siffar ƙwai ya datse lungunan, inda kauri ya fi taruwa. Gidan roba mai kaurin baki yana ɓoye milimita uku zuwa huɗu, na siririn ƙarfe kuwa tonon silili yake yi. Wasu kan ce a goge gefen ya yi sheƙi don ya yi kyau. Daga gefe ya yi kyau, amma daga gaba zoben nan farare da ake gani cikin gilashi mai ƙarfi sai su ƙara fitowa, domin gefe mai sheƙi yana shigo da haske. Barinsa dusu-dusu ya fi.

Akwai kuma abin da babu andis ɗin da ke gyara shi. Gilashin ragi yana ƙanƙanta ido ga mai kallonka, kuma yana sa gefen fuska ya shige ciki. Wannan ya dogara ne da ƙarfin gilashi da nisansa daga ido. A -8,00, gilashi na zaune kamar milimita 12 zuwa 14 daga ido, ƙanƙancewar ta kai kusan kashi 10 cikin ɗari, ko 1,50 ne ko 1,74. Maganinsa shi ne a gyara ƴan ƙafafun hanci gida ya matso kusa, muddin gashin ido ba ya sharar gilashi. Wanda aka yi wa alkawarin 1,74 zai mayar masa da girman idonsa, an faɗa masa abin da ba haka ba.

Sai kuma abin da ake biya ba da kuɗi ba. Na farko, rarrabuwar launi. Haske fari launuka ne a haɗe, kuma roba ba ta lanƙwasa su daidai wa daida, shuɗi ya fi ja lanƙwasuwa. Akwai lambar da ke auna wannan rarrabuwa, mai sunan Ernst Abbe, masanin Jamus da ya yi aiki da Carl Zeiss a garin Jena. Idan lambar ta yi sama, gani ya fi tsabta. CR-39 tana da 58, Trivex wajen 44, 1,60 wajen 41, 1,67 da 1,74 wajen 32, polikarbonat 30. Idan mutum na kallo ta cibiya, ba ya jin komai. Idan ya karkata ido ya dubi gefe, sai ya ga bakin tagar da rana ke bayanta ya yi zare mai ruwan shuɗi a ɓangare ɗaya, mai ruwan ɗorawa a ɗayan, rubutun allo ya ɗan yi inuwa. Ga mai -6,00 da ya kalli milimita 10 daga cibiya, wannan rarrabuwa a 1,67 ta kusa ninka ta 1,50. Mutane da yawa suna sabawa cikin mako ɗaya ko biyu, suna koyon juya kai maimakon ido. Wasu ba sa sabawa, musamman tela, mai zane, mai aikin lissafi a kwamfuta, da direban da ke leƙen madubin gefe. Irin waɗannan ne ke komawa shago suna cewa likita ya yi kuskure, a sake auna ido a tarar lamba daidai take. Robar ce ba ta karɓe su ba. Shi ya sa a wurinmu 1,60 ta fi sauran daidaito: ta kwashe kaso mafi girma na ragin kauri, ba ta zubar da tsabtar gani sosai ba.

Na biyu, ƙyalli. Kowace fuskar gilashi tana mayar da wani kaso na hasken da ya faɗo mata. A 1,50 kashi 4 cikin ɗari ne a kowace fuska, a 1,67 ya haura 6, a 1,74 ya haura 7, wato fuska biyu sun cinye kusan kashi 14. Da dare a kan titi, fitilun mota da na kabu-kabu sai su riƙa ninkuwa. Don haka daga 1,60 zuwa sama, shafen hana ƙyalli, antirefile, ba ƙawa ba ne, cikon gilashin ne. In kuɗi ba su isa a haɗa 1,67 da shafe mai kyau ba, gara a sauko 1,60 a sa shafen.

Na uku, nauyi. Rashin kauri daban, rashin nauyi daban. Dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri na Trivex giram 1,11 ne, polikarbonat 1,20, 1,60 wajen 1,30, CR-39 1,32, 1,67 wajen 1,36, 1,74 kuwa 1,47. Daga 1,60 zuwa 1,74 an rage jiki an ƙara nauyin nama, a kan sikeli kusan kunnen doki. Wanda kukansa shi ne tabarau na zamewa in ya yi gumi, ko yana faɗowa a sujada, ko ya bar masa tabo biyu a karan hanci, maganinsa ƙaramin gida da roba marar nauyi. Gilashin kwalba na ainihi yana nan har 1,80 da 1,90, kuma ba abin da ya kai shi rashin kauri ko jure ƙarzuwa. Amma na 1,90 ya ninka roba nauyi kusan sau uku, kuma in ya fashe, tarwatsewa yake yi a gaban ido. Sai dai ga babba mai lamba da ta wuce hankali, wanda ya san abin da ya ɗauka.

Masu alamar ƙari, wato + a takarda, nasu lissafin a juye yake: tsakiya ce ke tudu, gefe ya yi siriri. Nan kuskuren da aka fi yi ba na andis ba ne. Gilashin da ke ajiye a shago yana zuwa ne a faifai mai faɗin milimita 65 ko 70, kuma kaurin tsakiyarsa an ƙaddara shi tun daga masana'anta gwargwadon wannan faɗi. Yanka shi ƙarami ba ya rage tsakiya ko kaɗan. Gilashin +4,00 na 1,50 a faifan 70 tsakiyarsa ta kusa milimita 6. In an yi odarsa daidai girman gida, a ce faifan 55, sai ta sauko wajen 4. Milimita biyu sun tafi ba tare da an taɓa andis ba. Yaran da ke da lambar ƙari su suka fi shan wannan, ƙaramin gida da gilashin da aka yanko daga faifan manya, ya yi tudu kamar ƙwai. Abin da za a tambaya shi ne a sassaƙa gilashin a kan ma'aunin gidan, kuma a yi shi asferik, wato mai shimfiɗaɗɗiyar fuska da tudunta ke kwantawa zuwa gefe. Asferik yana rage tudu da kumburin ido ga mai kallo. Sharaɗinsa shi ne a saita shi da kyau: a sa gidan a fuska, a gyara zamansa, sannan a ɗiga alamar ƙwayar ido a kowane gefe, faɗi da tsayi. Asferik da aka saita da ka ya fi gilashin yau da kullum muni.

Maganar saiti ta shafi kowa mai lamba babba. Kowane santimita da cibiya ta kauce, sau ƙarfin gilashi, yana ba da karkatar haske da ido zai yi ta kokawa da ita. A -6,00, kaucewar milimita 3 ta isa ta kawo ciwon kai, jan ido, ko ƙasa ta riƙa yi wa mutum kamar gangare. Fuska kuma ba ta cika zama daidai ba, wani damansa 32 hagunsa 30. A auna kowane ido daban daga tsakiyar hanci. In mai shago ya karɓi takarda bai auna wannan ba, bai ɗiga alama a gilashin gwaji ba, ai ba amfanin tattauna 1,67 da shi.

A takardar da aka rubuta da Faransanci, OD idon dama ne, OG na hagu. Lambar da ke cikin baka tare da digiri ita ce silinda, ta masu astigmat, wato idon da lanƙwasarsa ba ɗaya ba ce ta kowane ɓangare. Kauri ba ya bin lambar farko kaɗai. Mai -3,00 da silinda -2,00 yana da -5,00 a wani sashen gilashin. In digirin silindar ragi yana kusa da 90, kaurin zai taru a gefen kunne da na hanci, gida marar faɗi ake so. In yana kusa da 180, kaurin sama da ƙasa zai tafi, gida marar zurfi ya fi. Da wannan jimla ake zaɓen andis. A taƙaice yadda masu sana'a ke yi: har zuwa 2,00 a zauna a 1,50, daga nan zuwa wajen 5,00, 1,60 ta wadatar, tsakanin 5,00 da 8,00 a duba 1,67, 1,74 sai an haura haka ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu. Duk wannan bayan an riga an zaɓi gidan da ya dace.

Akwai waɗanda ba a fara yi musu lissafin kauri. Yaro ɗan lakwal, mai ido ɗaya da ke gani, mai tuƙa babur, makaniki, mai buga ƙwallo: polikarbonat ko Trivex, saboda sun fi sauran jure bugu nesa. Gidan da ba shi da baki, wanda ake huda gilashi a ɗaura da kusa, yana son roba mai jure huji, Trivex ko 1,60 ko polikarbonat. 1,50 da 1,56 tsagewa suke yi daga bakin ramin. Gida mai zaren nailan a ƙasa yana buƙatar gefe ya kai kamar milimita 2 don a tsaga masa hanyar zare, saboda haka ga ƙaramar lamba ko lambar ƙari, dole ma a ƙara kauri, kuɗin amansi ya tafi a banza.

Sannan ga ƙasarmu. Shafen da ke kan gilashi siraran shimfiɗu ne masu tauri a kan roba mai buɗewa in ta ji zafi. Robar ta buɗe, shafen bai bi ta ba, sai ya tsattsage. Ɗaga irin wannan gilashi wajen fitila ka karkata shi, za ka ga zane-zane sirara kamar saƙar gizo sun rufe fuskarsa, mai shi kuwa yana ta gogewa yana cewa hazo ya ƙi fita. Ba ya fita, kuma ba a gyara shi. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke haura digiri 40 a inuwa, gaban motar da aka rufe a rana ya wuce haka sosai, awa ɗaya ta isa. Haka tururin tukunya, bakin murhu, wutar mai gashin nama, da ruwan zafi. A hunturu kuma ƙura ce. Ƙurar nan yashi ne, ya fi kowace roba tauri, kuma shafa gilashi a bushe da bakin riga, mayafi ko rawani daidai yake da goga shi da takardar yashi. A fara zuba ruwa mai sanyi ya kwashe ƙura, a ɗiga sabulun ruwa na wanke kwanoni, a murza da yatsa, a ɗauraye, a tsane da ƙyalle mai laushi da aka keɓe masa. Ruwan goge jan farce yana cinye polikarbonat, turare ma kada a fesa shi tabarau na fuska.

Kafin a zuba kuɗi, a tabbata lambar ta zauna. Mai ciwon sukari da sukarinsa ke hawa da sauka, lambar idonsa ma tana yawo, gilashin da aka yanka wannan mako yana iya ƙin aiki wata mai zuwa. Dattijon da yanar ido ta fara kama shi, lambarsa takan zame wajen ragi, har ya ga ya koma karatu ba tabarau; wannan aikin tiyata yake jira, ba 1,74 ba. Yaro kuwa lambarsa na iya sauyawa shekara-shekara. A kuma tambayi kwana nawa za a jira. Manyan andis da lambobi masu silinda sau da yawa sai an yi odarsu daga waje, kuma in ɗaya ya fashe jiran zai sake. Ga wanda ya taso daga Tawa, tafiyar sama da kilomita 500, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne, kuma mai -8,00 ba ya iya ko tsallaka titi ba tabarau. Tabarau biyu na 1,60 sun fi masa guda ɗaya na 1,74.

Ranar karɓa, na'urar da ke shago tana karanta ƙarfin gilashi da wurin cibiyarsa, amma ba ta faɗin andis. A nemi a ɗora tabarau a kanta, a gwada da takardar likita, a ɗiga cibiyoyin biyu da alƙalami, a sa a fuska a ga ko ɗigon ya faɗa gaban ƙwayar ido. Andis kuwa yana rubuce a ƴan ambulan ɗin da gilasan suka zo ciki, ɗaya na dama ɗaya na hagu, tare da ƙarfi da faɗin faifai da irin shafe. A karɓe su, a sa a rubuta andis ɗin a rasit, a ajiye su tare da ordonas. Ranar da gilashi ɗaya ya fashe, da su ne za a yanko masa ɗan'uwa mai kauri da launin shafe iri ɗaya.